Atisayen ƙafa: Ciwon da yake sauƙaƙawa, yadda ake yin sa da lokacin da ya kamata a dakata

Ciwon ƙafa yana cikin koke-koken da ake yawan kaiwa asibiti da kantin magani, tun daga telan da ke wuni a kan keken ɗinki, da direban babbar mota, da malamin makarantar da ke tsaye gaban allo, har zuwa dattijon da tashi daga kan tabarma ya zame masa aiki. Da yawa daga cikin masu fama da shi sukan ɗauka cewa hutu ne maganinsa. Akwai lokacin da hakan gaskiya ne, amma a mafi yawan ciwon gwiwa da na tsoka da ya daɗe, zama wuri ɗaya ƙara shi yake yi, domin tsokar da ba a aiki da ita ramewa take yi, gaɓar da ba a motsawa kuma sai ta sanƙare.

Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, a ƙa'idojin da ta fitar a shekarar 2020, ta shawarci manya da su riƙa yin matsakaicin motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, ko mai tsanani na minti 75 zuwa 150, sannan su haɗa da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana 2 a mako. Waɗanda suka kai shekara 65 an ƙara musu da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana 3 a mako domin kauce wa faɗuwa. Alƙaluman da hukumar ta bayyana a 2024 sun nuna cewa kashi 31 cikin 100 na manyan duniya, wato kimanin mutum biliyan 1.8, ba su cika wannan ma'auni ba a shekarar 2022.

Yadda ƙafa take ɗaukar jiki

Ƙashin cinya shi ne mafi tsawo kuma mafi ƙarfi a jikin ɗan'adam. A gabansa akwai tsokoki 4 da ke miƙe gwiwa, a bayansa akwai 3 da ke lanƙwasa ta. Daga gwiwa zuwa ƙasa, ƙwauri ne a gaba, sha-raɓa a baya, ita kuma tana haɗe da dunduniya ta hanyar agara, wadda babu jijiyar tsoka mai ƙarfinta a jiki. Daga idon sawu zuwa yatsu kaɗai akwai ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33 a kowace ƙafa.

Gwiwa ba ita kaɗai ke riƙe kanta ba. Tsokokin cinya da na mazaunai su ne ke tare nauyin jiki a kowane taku kafin ya sauka a kan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwa. Idan suka yi rauni, gaɓar ce ke karɓar dukan. Wannan ne ya sa masu aikin gashin ƙashi a asibiti, idan aka kawo musu kukan gwiwa, sukan fara da gyaran cinya da ƙugu, abin da kan ba majinyaci mamaki tunda ba nan ne ke masa ciwo ba.

Sha-raɓa kuma tana da wani aiki da ba kowa ya san da shi ba. Jinin da ya sauka ƙafa sai ya hau sama ya koma zuciya, kuma babban famfon da ke tura shi daga ƙasa shi ne matsar da tsokar sha-raɓa ke yi wa jijiyoyin jini a duk lokacin da mutum ya taka. Shi ya sa likitoci ke yi mata laƙabi da zuciya ta biyu. Mai gadin da ya kwana a tsaye, ko 'yar kasuwar da ta wuni zaune a rumfa, idan suka ga ƙafa ta kumbura ta yi nauyi da yamma, sau da yawa wannan famfo ne ya wuni bai yi aiki ba.

Shekaru ma na da nasu rabon. Daga kimanin shekara 30 tsoka takan fara raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, raguwar kuma takan ƙara sauri bayan shekara 60. Abin da bincike ya tabbatar shi ne tsoka na amsa horo ko a tsufa, har ga waɗanda suka haura 80.

Atisayen ƙarfafa ƙafa

Kafin a fara, ana so a ɗumama jiki da tafiya ta minti 5 zuwa 10 a tsakar gida ko a layi. Tsokar da ba ta yi ɗumi ba ta fi saurin jin rauni.

Atisayen da ya fi kowanne amfani a rayuwar yau da kullum shi ne tashi da zama a kan kujera. Mutum zai zauna a bakin kujera mai ƙwari wadda aka jingina da bango, tafin ƙafafunsa a ƙasa, ya ɗan ranƙwafa gaba, ya miƙe tsaye, sannan ya koma ya zauna a hankali. Komawar nan ita ce rabin aikin. Wanda ya saki jiki ya faɗa kan kujera ya yi asarar abin da tsokar za ta samu. Mai rauni zai iya farawa da dafa hannun kujera ko ya ɗora matashi don ya ƙara mata tsawo, idan ƙarfi ya samu sai ya harɗe hannuwa a ƙirji. Wannan motsi shi ne na tashi daga gado, da sauka daga mota, da miƙewa bayan sujada, don haka duk ƙarfin da aka samu a nan ana ganin amfaninsa nan take. Ma'aikatan lafiya ma sukan auna ƙarfin ƙafar tsofaffi da ƙirga yawan tashin da mutum zai iya yi cikin daƙiƙa 30.

Wanda gwiwarsa ba ta yarda da tashi tsaye ba tukuna, yana da abin yi a kwance. Zai miƙe ƙafa a kan tabarma, ya naɗe tawul ya sa a ƙarƙashin gwiwa, ya danna gwiwar ƙasa har ya ji gaban cinya ya ɗaure, ya riƙe na daƙiƙa 5 zuwa 10, ya saki. Mataki na gaba shi ne ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa ƙafa ɗaya, ya ɗaga ɗayar a miƙe har ta kai tsawon gwiwar da aka lanƙwasa, ya sauke ta sannu a hankali. Waɗannan biyun suna horar da cinya ba tare da an ɗora wa gaɓa nauyi ba.

Domin mazaunai da bayan cinya, sai a kwanta rigingine, a lanƙwasa gwiwoyi biyu, a ɗaga ƙugu sama har kafaɗa da ƙugu da gwiwa su daidaita, a riƙe kaɗan, a sauke. Domin gefen ƙugu kuma, a kwanta a gefe ɗaya a ɗaga ƙafar da ke sama a miƙe, yatsu na kallon gaba. Wannan na biyun yana kama da wasa, amma tsokar da yake horarwa ita ce ke hana gwiwa karkacewa ciki yayin hawa bene.

Sha-raɓa da agara suna ƙarfi ne da ɗage. Mutum zai dafa bango ko bayan kujera, ya ɗaga dunduniyoyinsa ya tsaya a kan yatsu, ya sauko a hankali. Idan ya saba sai ya koma yi da ƙafa ɗaya. Wani likitan ƙasar Suwidin, Hakan Alfredson, ya wallafa bincike a 1998 kan masu daɗaɗɗen ciwon agara, inda ya sa su tsaya a bakin matakala suna sauke dunduniya ƙasa sannu a hankali, sau 15 har zubi 3, safe da yamma, tsawon mako 12. Tsarin ya yi nasarar da har yau ana amfani da shi, sai dai yana da nauyi, kuma ya fi dacewa a yi shi bisa kulawar ƙwararre.

Akwai kuma hawa da sauka a matakala ɗaya ko dakali marar tsawo, da rabin tsuguno inda mutum zai jingina baya da bango ya ɗan sulale ƙasa. Tsuguno har ƙasa ba laifi ba ne ga mai lafiyayyar gwiwa, mutanen karkara da dama sun tsufa suna yin sa, amma mai ciwon gwiwa ya tsaya a inda ciwon bai tashi ba.

Ma'aunin da aka saba bayarwa shi ne a maimaita kowane motsi sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya, a sake zubi na biyu ko na uku, kwana 2 ko 3 a mako, ana barin kwana ɗaya a tsakani. Ba sai an yi su duka ba, 3 ko 4 da aka dawwama a kansu sun wadatar. Kada a riƙe numfashi yayin yunƙuri, musamman ga mai hawan jini. Canji na gaske yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya bayyana, kuma a nan ne mutane da yawa ke karaya, su bari a mako na biyu su ce abin bai karɓe su ba.

Amosanin gwiwa

WHO ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 528 ne ke fama da amosanin gaɓɓai irin na zaizayewar guringuntsi, kuma miliyan 365 daga cikinsu a gwiwa yake. Kashi 73 cikin 100 sun haura shekara 55, kashi 60 kuma mata ne. Alamominsa sanannu ne: sanƙarewar gaɓa da safe wadda kan sake cikin ƙasa da rabin sa'a, da ciwo wajen hawa ko sauka daga bene, da ƙarar ƙas-ƙas idan an lanƙwasa.

Akwai fahimtar da ta yaɗu cewa gwiwa kamar tayar mota take, iya tafiyarta iya cinyewarta, saboda haka a tattala ta da zama. Kwatancin bai dace ba. Guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini, yana samun abincinsa ne daga ruwan cikin gaɓa, ruwan kuma ba ya ratsa shi sai ana matsawa ana saki. Ƙa'idojin kula da wannan cuta a ƙasashe da dama sun sa atisaye da rage ƙiba a sahun farko, gaban magunguna da allura da tiyata. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya gano cewa duk kilo 1 da mai ƙiba ya rage, nauyin da ke sauka a gwiwarsa a kowane taku yana raguwa da kimanin kilo 4.

Tuƙa keke da ninƙaya sun dace da masu wannan ciwo domin gaɓa na motsi ba tare da duka ba. Tafiya a ƙasa mai laushi, da takalmin da ya riƙe ƙafa, ita ma tana da kyau. Silifas ɗin da dunduniyarsa ta cinye ta gefe ɗaya ya kamata a rabu da shi.

Miƙa, ciwon dunduniya da ɗaurewar tsoka

Ana yin miƙa ne bayan jiki ya yi ɗumi, a riƙe kowace kimanin daƙiƙa 30, ba tare da fizga ba. Domin sha-raɓa, a fuskanci bango a dafa shi, a mayar da ƙafa ɗaya baya a miƙe, dunduniya na ƙasa, a matsa gaba har a ji ja. Domin bayan cinya, a kwanta a rataya zane ko tawul a tafin ƙafa a jawo ta sama.

Ciwon da kan soki dunduniya a takun farko da asuba, ya ɗan lafa bayan an yi 'yar tafiya, galibi daga jijiyar da ta shimfiɗu a tafin ƙafa yake. Yakan kama masu dogon tsayuwa a kan siminti da masu ƙiba. Kafin a sauko daga gado, mutum ya kama yatsun ƙafar ya ja su wajen ƙwauri, ya kuma riƙa murza tafin ƙafar a kan gorar ruwan sanyi. Yana warkewa, amma yakan ɗauki watanni.

Idan tsokar sha-raɓa ta ɗaure cikin dare, abin yi shi ne a miƙe ƙafar a ja yatsu sama, ko a tashi a taka ta. Wasu na samun raguwar hakan idan suna miƙa kafin kwanciya. Yakan yawaita ga masu juna biyu da tsofaffi da masu shan wasu magungunan fitar da fitsari, don haka idan ya matsa ya kamata likita ya ji.

Wanda ya yi targaɗe a idon sawu kuwa, bayan kumburi ya sauka, yana buƙatar ya koya wa ƙafar tsayuwa, in ba haka ba sai ta riƙa sake gurɗewa. Tsayuwa da ƙafa ɗaya kusa da abin dafawa na daƙiƙa 10 zuwa 30 shi ne farko. Wannan atisayen shi ne kuma na tsofaffi. WHO ta ce faɗuwa na hallaka kimanin mutum 684,000 a shekara, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Wani tsarin atisayen gida da aka samar a Jami'ar Otago da ke ƙasar New Zealand, wanda ya haɗa ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa da tafiya, ya rage faɗuwar tsofaffi da kimanin kashi 35 cikin 100 a gwaje-gwajen da aka yi.

Bambance ciwon horo da na rauni

Tsamin jiki bayan atisayen da ba a saba ba abu ne da aka sani. Yakan fara washegari, ya kai ƙarshen tsananinsa tsakanin sa'a 24 zuwa 72, sannan ya wuce. Ɗan ciwon da za a iya jurewa yayin atisaye ma ba ya nufin ana ɓarna, muddin ya koma yadda yake cikin sa'a 24. Idan ya wuce haka, ko gaɓa ta kumbura, to an yi yawa, sai a rage adadi ba a daina gaba ɗaya ba. Suka mai kaifi, ko gwiwa ta saki, ko ta ƙulle ta ƙi miƙewa, waɗannan dalilai ne na tsayawa.

Abin da ke ɓata wannan ma'auni shi ne shan maganin kashe ciwo barkatai. Diclofenac da ibuprofen, da ake saye ba tare da takardar likita ba, idan aka daɗe ana shan su suna iya haifar da gyambon ciki da lahani ga ƙoda. Tramadol kuma yana kama jiki. Leburan da ya haɗiya ƙwaya ya koma ɗaukar kaya ya rufe bakin ƙararrawar ne kawai.

Ciwon da atisaye ba zai magance ba

Mafi haɗari shi ne gudan jini a jijiyar ƙafa. Alamarsa ƙafa ɗaya ta kumbura, ta yi zafi, sha-raɓa na ciwo, sau da yawa bayan tiyata, ko haihuwa, ko doguwar jinya, ko doguwar tafiya. A nan tausa da murza haɗari ne, domin gudan na iya ɓallewa ya toshe jijiyar huhu. Idan aka haɗa da ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi, lamarin na gaggawa ne. Rahoton WHO na 2007 ya nuna cewa haɗarin yana ninkawa biyu bayan zaman tafiya na sa'a 4 ko fiye, a jirgi ne ko a mota, ko da yake a kan mutum ɗaya haɗarin kaɗan ne, kimanin 1 cikin 6,000. Fasinjan da ya taso daga Legas zuwa Kano, ko maniyyacin da ke cikin jirgi zuwa Saudiyya, zai amfana da motsa idon sawu sama da ƙasa sau 20 ko 30 lokaci zuwa lokaci, da shan ruwa, da sauka ya taka duk inda aka yada zango.

Akwai kuma ciwon sha-raɓar da kan taso idan an yi tafiya, ya lafa bayan tsayuwar 'yan mintuna, ya dawo idan an ci gaba. Wannan alama ce ta ƙuntatar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, kuma ya fi kama masu shan taba da masu ciwon suga. Abin mamaki, bayan likita ya tabbatar da cutar, tafiyar ce magani: a yi tafiya har ciwon ya matsa, a huta, a ci gaba, na minti 30 zuwa 45, aƙalla sau 3 a mako, tsawon mako 12. Amma mai wannan alama yana buƙatar a duba zuciyarsa, domin cutar ba a ƙafa kaɗai take tsayawa ba.

Mai ciwon suga da ke jin ƙuna ko minjirya a tafin ƙafa, ko ya daina jin taɓi, zai iya motsa jiki, sai dai kada ya yi ba takalmi, kada ya gasa ƙafa da ruwan zafi, kuma ya riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowace rana. Ƙaramin rauni da ba a ji ba shi ne mafarin gyambon da kan kai ga yanke ƙafa. Masu cutar sikila, wadda Najeriya ta fi kowace ƙasa yawan masu ita, su guji atisaye mai tsanani da ƙishirwa, kuma ciwon ƙugu da ɗingishi a wajensu na iya zama alamar jini ya daina isa kan ƙashin cinya.

Ciwon da ke tasowa daga baya ya gangaro ƙafa kamar wutar lantarki yawanci daga jijiyar laka yake, kuma akasari yakan yi sauƙi cikin makonni idan mutum ya ci gaba da motsi daidai gwargwado. Idan ya zo da mutuwar jiki a tsakanin cinyoyi, ko kasa riƙe fitsari da bayan gida, ko ƙafa ta fara ja, asibiti za a nufa a ranar. Haka ma gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, da ƙafar da ta kasa ɗaukar nauyi bayan faɗuwa, wadda ya kamata a ɗauki hotonta kafin a kai wa maɗori.

Yaron da bai kai shekara 15 ba, idan ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a gaggauta kai shi cibiyar lafiya mafi kusa. An tabbatar da kawar da ƙwayar cutar shan inna ta asali daga Najeriya da nahiyar Afirka a watan Agustan 2020, amma har yanzu jami'an lafiya na bin diddigin duk yaron da ya nuna irin wannan alama.

Ana samun sashen gashin ƙashi a asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya da manyan asibitocin jihohi da dama, da kuma asibitocin ƙashi na ƙasa da ke Dala a Kano, da Igbobi a Legas, da Enugu. Hukumar MRTB ce ke yi wa masu wannan aiki rajista da ba su lasisi, kuma majinyaci na da damar tambayar shaidar rajistar duk wanda zai taɓa masa ƙafa da sunan ƙwararre.